Kawu Ladan da Gishirinsa Mai Motsi

Duk Kusfa an san Kawu Ladan ba ya amsa gaisuwar kowa da safe sai ya gaida kwalabensa. Ƙanen mahaifiyata ne, malamin kimiyya a jami'a. Ya yi ritaya, amma bai daina renon wani gishiri mai ƙyalli kamar alif ba, a kwalaben da ya jera a zaure.

Wata rana na ce, "Kawu, abin da ko motsi ba ya yi kake gaisarwa?"

Ya dube ni da tausayi. "Binta, a cikinsa ƙwayoyi ne jere kamar sahun sallah. Da sanyi gefe ɗaya suke karkata. In zafi ya kai wani mataki sai kowace ta fara waige-waige, sahun ya sake tsari, yadda yake riƙe lantarki ya canza. A daidai gaɓar nan allurar mitata ta awon lantarki ke tsalle."

"To ina amfaninsa?"

"Wayarki cike take da danginsa, marar godiya."

Da bazara ta matsa, ya kwashe zoɓon matarsa, Inna Rabi, daga firji ya jera kwalabe.

"Malam, baƙi fa?"

"Baƙi suna gumi, za su huce da kansu. Waɗannan bayin Allah ba su iya ba."

Akwai wani ƙaton dunƙulen gishirin da ya yi wata da watanni yana lallaɓawa. Ran nan alif ya ƙare wa Inna, ta ɗauke dunƙulen ta jefa a randa don ruwa ya kwanta. Kawu ya zauna a dakali ya yi tagumi, har liman ya tsaya tambayar wa aka rasa. Can ya leƙa cikin gida.

"Rabi, ruwan ya kwanta kuwa?"

"Ko kaɗan."

"Alhamdulillahi. Ai ni na san ba alif na rena ba."

Da idanunsa suka dushe ya daina ganin allurar, bai gaya wa kowa ba, sai dai ya daina cin abincin kirki. Inna ce ta gane. Ta jawo kujera zaure, ta riƙa karanta masa mitar tana mita.

"Ta motsa, Malam."

"Da yawa?"

"Ta yi tsallen. Sai ka sha kokonka."

Haka suka yi ta yi har ya kwanta ciwon ajali.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sanyaya makwancinsa. Inna kuma Allah ya ba ta haƙurin rashinsa.