Jan Zaren Isiyaku

A Gayam, in ka ce Isiyaku sai a tambaye ka, "Mai ƙorafin nan?" Manomin masara ne da ya haura hamsin, kuma Allah ya yi shi da idon da ba ya ƙyale abin da aka ajiye a karkace. Ya taɓa tada jijiyar wuya a tasha saboda allon da ke nuna hanyar Kazage sai an wuce mararraba ake ganinsa. Gaskiya yake faɗa, amma da bakin da ba mai son ji.

Wanda ba sa ga-maciji da shi shi ne Maliki, mai shagon maganin feshi. Robobi iri biyu ne jere a kanta ɗaya, duk koraye, duk da hoton masara mai goyo. Ɗaya kafin shuka ake fesa shi, ya ƙone duk abin da ya tsiro. Ɗayan a cikin masara ake fesawa, ya kashe ciyawa ya bar amfani. Bambancin yana cikin wani mitsitsin rubutun Turanci a baya.

Isiyaku ya ce a raba musu kanta, Maliki ya ƙi. Isiyaku ya sayo jan zare ya ɗaure wuyan masu ƙonawar, Maliki ya bi da reza ya tsinke, wai shi ba layu yake sayarwa ba.

"Wanda bai iya karatu ba ai yana da baki," in ji shi. "Ya tambaya."

Daminar nan gonakin cikin daji ba sa shiguwa, don haka Safiyatu ƙanwar Isiyaku, mai marayu huɗu, 'yar gonar bayan gida kawai ta shuka. Ranar kasuwa shago ya cika, ta nuna hoton masara aka miƙa mata. Kwana biyar da feshi, masarar da ta kai gwiwa ta bushe ƙurmus. Mutane suka ce laifinta ne, da ta tambaya.

Baƙin ciki ya turnuƙe Isiyaku. Ya tumɓuko busassun karan, ya zube su a kan teburin Maliki a gaban jama'a.

"Ga hoton da ya kamata ka manna a robar," ya ce.

Kunya ta sa Maliki ya yi alkawarin zai ɗaura zaren da hannunsa. Da kasuwa ta zagayo Isiyaku ya leƙa, sai ya ga jan zare a wuyan kowace roba, mai ƙonawa da marar ƙonawa.

"Ban tsallake ko ɗaya ba," in ji Maliki yana murmushi, "kada ka ce na yi sakaci."

A bayan Isiyaku wata tsohuwa ta miƙa hannu tana nuna hoton masara.