Ranar da na ƙi ƙara wa inji na uku wuta

Shekarun baya can, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati ta turo mu Landan koyon aikin injiniyan jirgin sama. A zamanin, mutum uku ne a gaban jirgi: kyaftin, mataimakinsa, sai injiniya a bayansu yana lura da injuna. Ni saura tashi ɗaya a sa mini hannu in gama.

Kyaftin na ranar wani Bature ne mai furfura, wanda ke kiranmu "yaran fetur". Ƙa'idar ita ce jirgi ya tashi da cikakken ƙarfi, da ya ɗan yi sama sai a rage wuta, don inji ba ya jure wannan zafin na tsawon lokaci. Na rage. Sai na ga allurar ma'aunin zafin inji na uku ta ƙi saukowa, tana dab da jan layi. Na ƙara ja masa totur baya.

Kyaftin ya ji jirgi ya yi nauyi. Bai ko waiwayo ba ya ce, "Mayar da wutar. Allurar nan ta saba ƙarya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan mayar ba."

"Ka san ni zan sa maka hannu?"

"Na sani. In kana so, ga totur nan, tura da hannunka, ni kuma in rubuta."

Kada ku ɗauka jarumta ce zalla. Muryata ta koma kamar ta ɗan akuya. Amma bai tura ba. Muka hau a hankali.

Da muka dawo ya rubuta cewa ba na jin magana. Wata uku aka ƙara mini. Abokaina suka koma gida da takardunsu, ni ina ɗakina a unguwar Tottenham ina dafa shinkafa da man gyaɗa. Wani abokina ya ce in je in ba da haƙuri. Na ce haƙurin me?

Daga baya shugaban makarantarmu ya kira ni. Bai gaya mini abin da aka gani a injin ba, ni ma ban tambaya ba. Ya sa hannu, ya ce, "Wani karon ka ɗaga murya."

Har yau ban sani ba ko allurar ce ta yi ƙarya. Abin da na sani, akwai fasinjoji a bayanmu da ba su san ana wannan gardama ba. Da za a mayar da ni kujerar nan, wallahi haka zan sake yi.