Haruffan Kawu Sun Ƙi Hawa Mota

Kawuna, yayan Inna, manomi ne a Zugu. Yana da wata waƙa ta ajami da ya tsara tun yana saurayi a kan taurarin damina: wanne ake shuka gero a cikinsa, wanne ne mai ruwan yaudara. A shekarar da yanar ido ta fara rufe masa gani, ya miƙo mini takardun, duk gara ta ci gefensu, ya ce, "Ɗana, so nikai in ga waƙag ga an buga ta da inji kamar littahi, tun idanun ga na gani."

Lokacin ina koyarwa a Gummi, kuma kwamfuta ta shiga raina kamar sabon aure. Wani abokina da ya yi karatu a ƙasar Larabawa ya dawo da wata mai rubuta Larabci, ya ajiye a shagonsa. A nan na zauna kwana tara ina tsintar baƙaƙe da yatsa ɗaya har waƙar ta kammala. Sai dai firintarsa ta lalace. Na zuba aikin a disket, ɗan faifan ajiya na kwamfuta, na nufi Anka, inda aka ce akwai mai bugawa.

Da mai shagon Anka ya buɗe, ban ga alifi ko ɗaya ba. Akwatuna ne ƙanana jere, layi bayan layi, kamar an kafa tubali. Wallahi abin da ya fara zo mini shi ne gargadar hanya ce ta kakkaɓe haruffan. Kada ku yi dariya, na koma Gummi na sake kwafa, na naɗe disket ɗin cikin rawani, na rungume shi a mota kamar jinjiri. Aka buɗe, tubalin nan dai.

Abin ya hana ni sukuni, ba don haushi ba, don son sani. Ina haruffan suke tsayawa? Na mayar da disket ɗin kwamfutar abokina, ga su nan cas, ko wasali bai ɓace ba. Abokina ya yi ta tunani, can ya ce takardar ba ta ɗauke da siffar harafi, lamba kawai take ɗauka. Siffar tana zaune cikin kwamfutar, a wani fayil da ake kira font. Idan takarda ta je baƙon wuri ta kira lamba, ba wanda ya amsa, sai a ba ta akwati. Ashe gayya na kai ba fartanya.

Inna ta ji ina ta wannan bayani da zumuɗi, ta ce, "Kai dai kwahe mishi da hannu, ka yi manyan baƙaƙe. Mi ag gamin ciwon ido da tahiya Anka?" Na ce mata inji ya ce, inji kuwa zai samu. Gaskiyar magana, ba don Kawu kaɗai na ƙi ba. So nake in ga ƙarshen wasan.

Tafiya ta uku na haɗa da font ɗin, na wuce har Gusau, wata madaba'a. Nan kuma kwamfutarsu wata iri ce, tsarin da ke tafiyar da ita daban da namu. Ta dubi font ɗina ta ce ba ta san shi ba. Mai aikin wurin, wani dattijo mai haƙuri, ya nuna mini dabarar: a kwamfutar da aka yi rubutun za a ɗinke haruffan a jikin takardar, ta zama ba ta roƙon kowa komai duk inda ta je. Ya ba ni manhajar da ke yin haka a faifai. Na dawo Gummi ina murna kamar an ba ni sarauta.

Tsakanin jiran Asabar, da jiran wuta, da jiran mota, wata biyu suka wuce. Amma ranar da takardar ta fito daga inji a Gusau, kowane baƙi da wasalinsa, sai da na karanta ta sau uku a tsaye.

Na hau babur zuwa Zugu da hantsi. Na tarar da Kawu a gindin bishiyar bedi, an gama noman farko. Na durƙusa na gaishe shi, na sa masa takardun a hannu. Ya shafa su, ya ɗaga su saitin fuskarsa, ya daɗe yana kallo.

"Madalla," ya ce. "Rubutun ya yi kyau ƙwarai. Allah shi yi ma albarka."

A juye ya riƙe su, ƙasa a sama. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Ya miƙo mini su, ya gyara zama.

"To karanta min, in ji ko injin ya yi kure."