Ƙyallen Wuyan Jar Akuya

Ko tsufa ya hana hannuna riƙe burushi, ba zan manta da ranar da Baba ya zo duba aikina a bangon asibitin dabbobi na Baure ba.

Tun ina ƙarama nake zana dabbobi. Gawayin murhu ne alƙalamina, jikin rumbu ne allona. Inna, Allah ya jiƙanta, tana da wata jar akuya mai dogon kunne. Ta yago bakin tsohuwar atamfarta, shuɗiya mai ɗigon fari, ta ɗaura mata a wuya don a gane ta idan awakin unguwa sun dawo daga kiwo. Ita nake zanawa kullum, Inna tana dariya wai na ba ta ƙafafun raƙumi.

Na girma, na koyi zane a kwaleji, na dawo gida a shekarun da aka soma shari'a, lokacin da mutane suka ƙara tsantseni kan hoton abu mai rai. Sai na tsaya ga furanni da allunan shaguna, ina yi ne kawai, raina yana can wajen garke. Ana haka likitan dabbobi ya nemi in zana masa dabbobi a bango, yadda wanda bai iya karatu ba zai gane wurin tun daga bakin titi. Na kai wa Baba maganar.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "na tambayi malaminmu, ya ce tunda amfanin jama'a ne shi ba zai hana ba. Amma ni hankalina ba zai kwanta ba sai kin ja layi a wuyan kowace dabba, ya raba kai da jiki. In na zo ban gani ba, kin ajiye burushi ke nan."

Na amsa da to. Na zana bijimin sa, na zana rago da raƙumi, a tsakiyarsu na tsayar da jar akuyar Inna. Da na tsoma burushi a baƙin fenti na kai wuyanta, sai hannuna ya ƙi, ji nake kamar wuƙa na ɗauko. Na daɗe a tsaye ina kallonta, sannan na wanke burushin na ɗebo shuɗi. Na ɗaura mata ƙyallenta, ya zagaye wuyan gaba ɗaya, da ɗigon farinsa. Sauran kuwa na sa musu igiya a wuya, kamar yadda suke a turke.

Ranar kasuwa Baba ya sauka daga kan babur, ya tsaya hannayensa a baya. Ban ɓoye masa ba.

"Baba, baƙin layin ya gagare ni. In wannan bai yi ba, ga fenti nan, yanzu sai in shafe."

Ya matsa, ya ɗora yatsa a kan ƙyallen, ya bi shi a hankali har inda aka ƙulle.

"A kasuwar Zango na sayo mata atamfar nan, shekarar da gyaɗa ta yi kyau," ya ce ƙasa-ƙasa. Ya goge ido da bakin rawani, ya ja da baya ya sake dubawa. "Ƙafafun dai, Uwata, yanzu sun zama na akuya."

Muka yi dariya tare.

"Ya raba kai da jiki, ni ya wadatar da ni. Ki ci gaba, Allah ya yi albarka."

Har yau da wannan albarkar nake aiki, kuma duk dabbar da ta fito daga hannuna da abu a wuyanta take fitowa. Ranar ta koya mini cewa ba lallai ne mutum ya zaɓa tsakanin burinsa da maganar iyayensa ba. In ya yi haƙuri, kuma bai ɓoye musu komai ba, yakan sami inda zai ɗaure su wuri ɗaya.