Ƙashin Kamfen a Bakin Karen Mangazata

A shekarun da soja suka ce za su mayar da mulki hannun farar hula, ina sayen aya da wake a Gangara ina kaiwa Gazawa, wani lokaci har ƙetaren iyaka. Ina da mangaza a bakin kasuwa inda nake tara buhuna, ina kuma da kare mai gadinta. Wani dattijon Bafulatani da ke sayen dusa a wurina ne ya ba ni shi tun yana kwikwiyo. Ja ne, dogo, kunnensa ɗaya a kwance. Ina zuba masa tuwon da ya kwana, shi kuma ya hana ɓarawo da akuya kusantar kayana.

Da kamfen ya kankama, duk jam'iyyar da ta zo gari sai ta yanka dabba ta dafa wa jama'a. Ni ban shiga ko ɗaya ba, don dukansu suna sayen wake a wurina. Karen kuwa ya shiga duka. Da ya ji ganga da lasifika sai ya bar aikinsa, ya tafi mitin ya zauna bayan masu tukunya. Ya yi ƙiba har wuyansa ya ninke.

Wani jajibirin kasuwa jam'iyyu biyu suka yi mitin rana ɗaya, ɗaya a gabas da gari, ɗaya a yamma, kuma an gan shi a kowanne. Da safe na iske shi a ƙofar mangaza, baki a buɗe, yawu na zuba, yana ta kai ƙafa ga fuskarsa yana goga hanci a ƙasa. Kafin in gama kallonsa mutane sun taru. Sarkin fawa ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Alhaji, wannan ya haukace. A kashe shi tun bai ciji ɗan wani ba."

Aka kawo sanduna. Da a wata shekara ce, da nan take an gama da shi. Amma lokacin kowa ya koyi ɗaga hannu yana neman a ba shi magana. Wani daga masu mitin gabas ya ce ba hauka ba ne, guba aka ba shi, don kowa ya san karen nasu ne. Wani daga na yamma ya ce ƙarya ne, a wurinsu ya fi daɗewa, har ya yi haushi lokacin da ake tafi. Aka ce a kafa kwamiti, kowane ɓangare ya ba da wakilai. Aka ɗauko benci.

Suna cikin haka na tura masa ruwa a ƙoƙo da bakin sanda. Ya zo da sauri ya tsoma baki, ruwan na komawa ƙasa. Na sha jin cewa mahaukacin kare gudun ruwa yake. Ban tabbatar ba, amma ni ɗan kasuwa ne, ba na zubar da kaya ban kwance bakin buhu na duba ba. Na zarga masa igiya daga nesa, na kifa masa buhun aya, na ɗaure shi ciki kansa a waje. Ƴan kwamiti ba su lura ba, suna gardamar wanda zai shugabanci zama.

A tasha direban motar Gazawa ya ce ko gawarsa ba za ta ɗauki kare cikin mota ba.

"To, a bisa," na ce.

Wani malami a kujerar gaba ya ce rufin motar yana yoyo da damina, abin da ya bar ruwa ya wuce kuwa zai bar yawun kare ya wuce, shi kuma da alwalarsa. Direba ya ce ba a taɓa cewa motarsa tana yoyo ba. Aka sasanta a kan a shimfiɗa tabarma, a kuma sa karen can baya, daidai kan wani saurayi da ya yarda cewa shi dama bai yi alwala ba. Na hau bisa na zauna ina riƙe da buhu, babbar rigata na kaɗawa, duk wanda muka wuce a hanya yana gaishe ni.

A buron dabbobi na Gazawa, wato ofishin da ake duba su, na iske ƙofa a rufe. Likitan dabbobi, wani siririn mutum mai tabarau, yana zaune gindin dogon yaro da abokan aikinsa suna shan shayi.

"Muna yajin aiki, Alhaji," ya ce. "Me ke cikin buhun?"

"Kare."

"Naka?"

"Ana kan tattaunawa."

Ya taso ya tsaya nesa kaɗan, hannuwansa a baya, ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni ko ya ciji wani, ko ya canza hali kwanakin nan, da abin da ya ci. Na ce ya ci mitin biyu.

"Ba zan taɓa shi ba," ya ce. "In na taɓa, na karya yaji, ga shaidu zaune. Amma ƙungiya ba ta ce kada mu yi hira ba. Makulli yana ƙarƙashin dutsen can. Ni ina kallon gabas."

Duk suka juya suna kallon gabas. Na buɗe buro na ɗauko safar hannun da ya kwatanta mini, irin mai kaiwa har kafaɗa, wadda ake sa wa in saniya ta kasa haihuwa. Na ari awartaki wurin wani maƙeri a gefen hanya. Direba ya biyo ni don ya ga ƙarshen abin, sai ya tsinci kansa a durƙushe ya danne buhu da gwiwa.

Likita ya koma kan bencinsa, ya fuskanci abokinsa kamar labari yake ba shi. "Da wani zai duba bakin kare," ya ce da ƙarfi, "da sai ya gitta masa itace can ciki, ya juya shi wajen rana, ya dubi sama."

Na yi haka. Can a ganɗarsa, daga turmin haƙorin dama zuwa na hagu, wani guntun ƙashin haƙarƙari ya gitta ya kafe kamar an auna.

"Akwai ƙashi," na ce.

"Da wannan mutumin zai kama shi ta gefe ɗaya, ya ja ƙasa a hankali, ba waje ba."

Na kama, na ja. Ƙashin ya fito da ɗan jini da mugun wari. Karen ya rufe bakinsa, ya buɗe, ya sake rufewa, sannan ya shanye ruwan wanke kofunan shayinsu.

Nan likita ya manta da hira ya juyo kaina sosai. Ya ce na yi sa'a, don yawun mahaukacin kare in ya shiga ko ƙaramin rauni, mutuwa ce, kuma ba a gane shi da ƙoƙon ruwa. Ya ce in ɗaure shi in sa masa ido kwanaki, in hana shi dafaffen ƙashi, in kawo shi allura ranar da aka janye yaji.

Da la'asar na koma Gangara na iske kwamiti bai tashi ba. Sun kaɗa ƙuri'a cewa a kashe, saura wanda zai fara duka. Na sauke karen yana tafiya da ƙafarsa, na ajiye musu ƙashin a kan benci. Na gabas rago suka yanka, na yamma bunsuru, sai magana ta koma kan ƙashin na wane ne. Aka miƙa wa sarkin fawa, wanda shi ya yanka wa kowa. Ya juya shi, ya sansana, ya ce ƙashin dabba ne. Masu sanduna suka gaji suka tafi salla.

Karen ya warke sarai, aka yi masa allura, ya yi shekaru yana gadi. Sai dai tun daga ranar, in na doso mangaza sai ya miƙe ya yage mini haƙora. Duk safiyar da zan fitar da kaya, sai na aika gida uwargidana ta zo ta janye shi gefe, ni kuma ina tsaye da makulli a hannu tare da masu saye, muna jira.