Ba a Huda Icen Baba

Shekara arba'in da ɗaya Clarrie Tolhurst ya yi yana zagayen rijiyoyi a gandun shanun Wirrabeen, can yammacin Queensland, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya ce wa wani "ka fi ni gaskiya" ba. Da sassafe zai cika flas da shayi, ya jefa burodi da naman gwangwani cikin a-kori-kurarsa, ya bi rijiyoyin burtsatse goma sha bakwai ɗaya bayan ɗaya, yana duba famfo da kwamin ruwa da shinge. Filaya na aljihun bayansa, nannaɗen wayar shinge na bayan mota, gajeriyar bindigar da ya gada wurin mahaifinsu na gefen kujera. Da waya da filaya yake gyara duk abin da ya lalace a duniya. Ƙofar motarsa waya ce ke riƙe da ita, haka ma tabaransa. Wasu sun rantse har haƙoran robarsa ya taɓa ɗaurewa da ita.

Bindigar ba ta ado ba ce. In fari ya yi tsanani ruwan tafki yakan ja baya, saniya ta sauka neman sha ta kafe cikin taɓo har wuya. Wadda ba ta jawuwa, dole mutum ya gangara ya hutar da ita da harsashi ɗaya kafin hankaki da aladun daji su fara cin ta da rai. A irin wannan gangarar ce Clarrie ya zame cikin watan Agusta, bindiga a hannu, babu abin dafawa. Ƙugunsa ya tsage. Awa shida ya yi kwance a rana kafin a tsince shi.

Ya dawo daga asibiti da sandar dogarawa, yana da shekara saba'in da ɗaya. Manajar gandun, Petrina Kealy, ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce sanda a hannu ɗaya, bindiga a ɗaya hannun, da wanne zai tare ƙasa in ya sake zamewa? Ko dai ya sa wa bindigar maratayi ya rataya ta a kafaɗa, ko ya bar zagaye ya dawo gida yana ba furanni ruwa. Ta ba shi mako uku. Ranar Juma'ar ƙarshe za ta bi shi da kanta ta ga yadda yake sauka tafki.

Ba furanni ruwa! Mutumin da ko mako guda aka tsare shi a gida sai ya fara yi wa kaji faɗa.

Nan ne nauyin ya faɗo kan ƙanwarsa Noelene. Ita ce makanikiyar gandun kafin ta yi ritaya, shekara talatin tana gyaran famfunan da yayanta ya riga ya "gyara" da waya. Har yanzu tana da garejinta a gari, da injin sassaƙa ƙarfe, da haƙuri ɗan kaɗan da ya rage mata. A ganinta aikin bai kai na rabin awa ba: zobe ɗaya a gaba, zobe ɗaya a baya, a zura fata a tsakani. Ta sayo na kanti masu juyawa, ta ajiye masa a kan teburin garejin.

Clarrie ya ɗauki ɗaya da yatsu biyu ya kaɗa shi kusa da kunnensa.

"Kin ji?"

"Na ji me?"

"Kacau-kacau. Ke so kike duk aladen da ke jihar nan ya san Clarrie na tafe? Ai gara ki rataya min ƙararrawa."

"Kai da ba ka jin ƙarar wayarka a aljihu, yau kai ne mai jin motsin zobe?"

"Wannan ɗin kuma da me ake kafa shi?"

"Noti ne. A huda gindin bindigar kaɗan, a murɗa shi ciki."

Ya janye bindigar daga kan teburin kamar an ce za a yanka masa ɗa.

"Ba a huda icen Baba."

Icen nan yana da tarihi, kuma Noelene ta ji tarihin har ya gundure ta. Doki ne ya taɓa faɗuwa a kan bindigar ya karya mata gindi, mahaifinsu ya samo wani icen daji da ake kira giji, wanda taurinsa ke cinye kaifin gatari, ya yi wata biyu yana sassaƙa shi da zarto da fasasshen kwalba. Gumin hannu na shekara sittin ya mayar da shi baƙi wul, yana sheƙi. Tsohon kuma ya sha faɗa cewa namiji a hannu yake riƙe bindigarsa, ratayawa aikin sojan fareti ne da wanda ƙarfinsa ya ƙare. Clarrie ya haɗiye maganar nan tun yana yaro, ba ta taɓa fita daga cikinsa ba.

"Baba ya mutu shekara arba'in da biyar ke nan," in ji Noelene. "Ba zai ji zafin hudar ba."

"Har ya mutu bai rataya ta ba, yarinya."

"Yarinya? Jikata ta kusa aure!"

Da wani ne, da ta nuna masa ƙofa. Amma ta san abin da zaman gida zai yi masa, don haka ta haɗiye fushinta ta kunna inji. Irin wannan bindigar tana da bututu biyu a gaba, na sama na harbi, na ƙasa wanda harsasai ke jeruwa a ciki. Ta sassaƙa ɗan maɗauri na tagulla mai ɓari biyu da zai rungumi bututun ƙasa, ta shimfiɗa masa siririyar fata a ciki don kada ya goge ƙarfen. Zoben kuwa ta walda shi ya zauna daram, babu juyawa balle ƙara. Na baya kuma, tun da an hana huda, ta ɗinka wa gindin rigar fata mai igiya, ta kafa zobe a jikinta. Kwana huɗu ta yi a kan aikin rabin awa.

Da ya zo karɓa, ta riƙe sukurudireba ta nuna masa notin maɗaurin.

"Ka ga nan? Na ɗaure shi daidai. Bututun nan ba shi da kauri, in aka matse shi zai lotse. Kada ka taɓa shi. Clarrie, kalle ni. Kada ka taɓa."

"Na ji, ai ba kurma ba ne ni."

Duk wanda ya san masu aikin shinge ya san ciwonsu. Waya ba ta ɗauru ba a wurinsu sai an ja ta har in aka ɗan taɓa ta ta yi kuka, noti kuwa bai zauna ba sai an ƙara masa murɗa ɗaya bayan ya ce ya isa. Clarrie bai kai rijiya ta biyu ba ya tsaya a gindin wata bishiya, ya taɓa notin, ya ji wai kamar yana motsi. Ya zaro filaya.

Kwana biyu bayan haka ya tarar da saniya a taɓo, ƙatuwar alade na kewaya ta. Ya ja hannun ɗana harsashi, shiru, babu abin da ya hau. Ya sake ja, shiru. Bututun ya lotse, harsasai sun maƙale a ciki. Da jifa da ihu ya kori aladen, sannan ya zura harsashi ɗaya da hannu ya hutar da saniyar. Yana hawowa gangaren, rigar fatar baya ta sulɓe daga santsin icen, bindigar ta daki ƙasa.

Ya shigo garejin yana huci.

"Kayanki ba su da kyau."

Noelene ta juya bindigar, ta ga sawun haƙoran filaya a kan tagullarta.

"Me na ce maka?"

"Yana motsi ne."

"Kanka ne ke motsi, tsohon banza! Kwana huɗu na yi a kan abin nan!"

Ta kwance bututun, ta zura masa sandar ƙarfe ta bi shi da ƙaramar guduma a hankali har ya miƙe. Ta mayar da maɗaurin, wannan karon da noti mai ɓoyayyen kai wanda filaya ba ta da inda za ta kama. Gaba ya zauna. Saura baya, kuma ta gaya masa gaskiya: ice mai santsi irin wannan ba abin da zai riƙe shi sai noti. Ya ce ta bar masa, shi zai san yadda zai yi. Jin haka ta san abin da yake nufi.

Ranar Laraba, saura kwana biyu, ya dawo a sanyaye. Ya naɗe wayar shinge sau uku a gindin bindigar, ya murɗe ta da filaya yadda ya saba, ya ƙulla fatar a jiki. Wayar ta riƙe kam, babu shakka. Ta kuma ci icen ta yi masa zobe mai zurfi, fari fat a cikin baƙin. Mutumin da ya hana a yi huda ƙanƙanuwa kamar ƙwayar wake, ga shi ya yi wa icen Baba kaciya da hannunsa.

"Za ki iya goge shi?" ya tambaya, bai kalle ta ba.

Maganganu sun cika mata baki, ta rasa da wacce za ta fara. Da ta ga yadda ya sunkuyar da kai a kan sandar, sai ta fasa duka. Ta tabbatar babu harsashi a ciki, ta datse wayar, ta kifa bindigar a kan tsumma, ta shiga goge tabon da takardar yashi. Baƙin dauɗar shekaru na tashi, jan icen na fitowa. Tana cikin gugar ƙasan gindin, kamar yatsu huɗu daga ƙarshe, ta ga wani ɗan da'ira da launinsa ya bambanta. Ta hure ƙurar, ta kawo fitila kusa.

"Zo ka gani."

"Mene ne?"

"Toshi ne. An huda wurin nan, aka toshe da wani icen."

"Ƙarya ne. Ido ne na ice."

Ba ta yi musu da shi ba. Ta sa tsinin wuƙa ta kewaye da'irar, ta ɗan taɓa, toshin ya fito, guntun ice bai kai kan ɗan yatsa ba. Ramin na nan a tsaye sak, an huda shi da kyau, cikinsa da sawun murɗin noti da jan tsatsa. Ba ramin kwana ɗaya ba ne. Noti ya yi shekaru zaune a ciki yana ɗaukar nauyi.

Sai ga wani abu ya faɗo mata a rai. A shekarun ƙarshe na tsohon, Clarrie na can arewa yana kora shanu, ita ce ke leƙa shi duk wata. Akwai wata doguwar fata da ke rataye a bayan ƙofar ɗakinsa, mai ƙugiya a kowane baki. Ta ɗauka ta kare ce, ko da yake tsohon ba shi da kare a lokacin. Ashe ratayawa yake yi in babu mai ganinsa. Da ya ji ƙarshe ya zo, ya cire notin, ya toshe ramin, ya shafe shi da baƙin mai, sannan ya aika wa ɗansa ya zo ya karɓi bindiga.

Ta gaya wa Clarrie duka. Ya zauna a kan gwangwanin mai, toshin a tafin hannunsa, yana juya shi da babban yatsa. Haushi ya kama Noelene, na mataccen da na rayayyen gaba ɗaya: ƙugu ya tsage, mako uku sun tafi, aikin shekara arba'in ya kusa salwanta, duk don wani tsoho ya ji kunyar a san ya tsufa. Tausayi kuma ya biyo bayan haushin, ba ta so ba.

"Tsohon munafuki," in ji Clarrie a hankali.

"Gadonsa ka yi ai. In sa?"

Ya ɗaga kai kawai. Ta ɗauko noti mai zobe, ta shafa masa kakin zuma, ta murɗa. Ya shige ramin ba gardama, ya tsaya daidai. Ta miƙa hannu.

"Filayar."

"Haba, Noelene."

"Filayar, ko in bi ka gaban Petrina in ba ta labarin aladen."

Ya zaro ta daga aljihun baya ya miƙa mata.

Ranar Juma'a Noelene ta bi su, ta ce famfo za ta duba. Ita da Petrina suka tsaya a bakin tafki na tara, Clarrie ya gangara, bindiga a bayansa, sanda a hannun dama, hagu a sake. A tsakiyar gangaren ƙafarsa ta ɗan zame, ya dafa ƙasa da hagun, ya miƙe ya ci gaba. Petrina ta ce ya ci gaba da zagayensa, amma ya riƙa kiran gida ta rediyo a kowace rijiya. Ya ce to, irin "to" ɗin da kowa ya san ba za a yi ba.

A hanyar komawa, shi da Noelene a motarsa, sun wuce ƙofar shinge biyu sai ya yi gyaran murya. Noelene ta ɗauka godiya yake haɗawa, ta gyara zama tana jira.

"Fatar nan ta bayan ƙofa," ya ce, "yaushe kika fara ganin ta?"

"Shekarar da na haifi Dale."

"Baba na da nawa a lokacin?"

Ta ƙirga. "Sittin da takwas."

Ya gyaɗa kai, ya taɓa aljihun rigarsa inda ya ajiye toshin.

"Na fi shi da shekara uku ke nan."

Noelene ta juya tana kallon taga don kada ya ga idonta, ta ce masa ya kula da hanya, ga rami can gaba.