Tukunyar Kan Iyaka

Har yau in na ji ƙamshin jar ƙasa sabuwar tonowa haɗe da warin man gas, sai in tuna ranar da katafila ta shiga gonarmu. Titi ake yi daga ƙauyenmu na wajen Taba zuwa Hunkuyi, ya kuma biyo ta kan iyakar da ta raba gonar Baba da ta ƙaninsa, Baffa. Ina hutun makaranta, ni na kai wa Baba fura. Ina tsaye ina kallon ƙasa tana naɗewa kamar tabarma, sai direban ya kashe inji ya sauko.

Tukunya ce a kife, jikinta da zane kamar sawun igiya. Da aka ɗaga ta sai ga gawayi da kashin maƙera, wato dattin narkakken ƙarfe, da guntayen bututun yumɓu. Ni kyau ta yi mini. Baba kuwa ya daɗe yana dubanta, sannan ya ɗaga kai ya dubi gonar Baffa.

A wajenmu ba a kifa tukunya a binne don alheri. Shekarar kuma raken Baba ya ƙi, ƙafarsa ta kumbura, ga ɗan saɓanin da suka yi da Baffa kan iyakar nan tun rabon gado.

"Binne ne," in ji Inna, mahaifiyata, da labari ya iso gida. "Dama na faɗa, ciwon nan ba na asibiti ba ne."

"Inna, wa zai yi wa Baba haka?"

"Ke dai je ki wanke kwanuka. Boko bai koya miki mutane ba."

Tun tasowata Baba da Baffa ciyayya suke yi. Bayan magariba a fito wa kowa da kwanonsa zaure, su haɗa, wannan ya ci na wancan. Daga ranar Baba bai ƙara sa hannu a kwanon Baffa ba. Zama yana nan, gaisuwa tana nan. Sai dai in miyar kuka ce ya ce cikinsa ba ya so, in kuɓewa ce ya ce ta cika yaji.

Ba a jima ba sai ga mutane daga jami'a a Zariya, ɗan kwangilar titin ya ba su 'yan kwanaki kafin a zuba kwalta. Suka kafa turaku suka ja zare, suna kankarar ƙasa da cokalin magina, suna tankaɗe ta da rariya. Wani dattijo ya leƙa ramin ya ce, "Malamai, in tuwon ƙasa za ku tuƙa, akwai miya a gidana." Wasu suka ce zinariya suke nema, wasu suka ce gwamnati ce za ta ƙwace gonakin. Baba nasa zaton daban: an ga Baffa ya kai musu rake, don haka shi ya kira su su kwashe abin da ya binne.

Akwai mace a cikin mutanen jami'ar, ta ga ina yawan tsayawa, ta yafito ni. Ta nuna mini wasu tukwanen a jere, ta ce gari ne a nan, na masu narka tama su fitar da ƙarfe, tun kafin kakannin kakanninmu. Na koma gida ina ganin kamar hayaƙinsu na tashi a saman dawa, ina jin kamar wata yarinya irina ta taɓa kawo fura wurin.

"Baba, sun ce tun kafin a haifi kakanku tukunyar take nan."

"Su suka binne ta da za su sani?" Ya gyara ƙafarsa. "Uwata, ki bar maganar manya."

Malamin unguwarmu ma ya ce masa zato zunubi ne. Baba ya ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam," kwanon Baffa kuma ya ci gaba da komawa gida gefe ɗaya kawai aka taɓa. Shi Baffa bai fasa cin namu ba, har ya suɗe hannu yana yabon miyar Inna. Inna ta ce mai laifi ne ke yawan yabo.

Aka tafi da tukwanen, kwalta ta rufe wurin, ƙafar Baba ta warke. Haka suka zauna har Baffa ya rasu.

Sai bayan shekaru, muna ɓarar masara da matar Baffa, ta faɗa mini cewa damina ɗaya kafin titin garmarsa ta tono irin tukunyar nan a ɓangarensa, a kife. Shi ma Baffa ya zargi Baba. Ta roƙe shi ya daina cin abincin gidanmu, ya ce mata in Yaya ne ke son ransa, gara ya ɗauka ta cikin tuwo da a ce ya janye hannu daga kwanonsa.